Akwatin Kayan Haɗa Kombucha a Gida: Ruwan Iri Ne Abin Saye, Sauran Sai An Duba

Akwatin kayan farawa da ake sayar wa masu son haɗa kombucha, wato shayi mai sukari da ake tsimawa ya yi tsami, a gida kusan tsarinsa ɗaya ne, ko wane kamfani ya shirya shi. A ciki akwai tulun gilashi mai faɗin baki da ke cin kusan lita 4, da uwar kombucha a leda tare da ruwanta, da kyallen rufe baki da robar ɗaure shi, da ganyen shayi da sukari na zubi ɗaya, da takardun gwajin tsami, da ma'aunin zafi da ake mannawa a jikin tulu, sai 'yar takardar bayani. Masu ɗan tsada sukan ƙara famfo a gindin tulun da kwalaben ɗura abin sha. A ganinmu ya cancanci saye ga wanda bai taɓa yi ba, amma da sharaɗi: uwar ta zo da ranta cikin isasshen ruwa, kuma mai saye ya san cewa akwai kaya biyu ko uku a ciki da zai sauya da kansa.

Abin da ya fi jan ido a akwatin shi ne uwar, wato faifan nan mai santsi da masu sayarwa ke rubuta wa sunan Turanci SCOBY. Shi ake ɗauka hoto, shi ake talla da shi, alhali ba shi ne mai aikin ba. Faifan saƙa ce ta sinadarin selulos da bakteriyar Komagataeibacter ke shimfiɗawa a saman ruwan. Yis da bakteriyar da ke tsima shayin suna da yawa a cikin ruwan da faifan ya zo a ciki, wato ruwan iri, kuma wannan ruwa ne ke sauke ma'aunin pH na sabon shayi (lambar da ke raguwa idan tsami ya ƙaru) tun daga ranar farko, ya hana funfuna samun wurin zama. Ana iya haɗa kombucha mai kyau da ruwan iri kaɗai, sabon faifai zai fito da kansa. Amma faifai babu ruwa, haɗarin lalacewa yake jawowa.

A nan akwatuna da yawa suke gazawa. Ƙa'ida ita ce ruwan iri ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na shayin da za a tsima. Lita 3 na shayi na buƙatar mililita 300 a ƙalla, 500 ya fi kwanciyar hankali. Idan leda ta zo da abin da bai wuce rabin kofi ba, takarda kuma ta ce a cika tulu, kada a bi ta. A fara da lita 1 kawai, a bar shi ya yi tsami sosai, sannan a yi amfani da rabinsa a matsayin irin babban zubi na gaba. Jinkirin mako biyu ne, amma yana ceton uwar. Akwatin da ya zo da busasshiyar uwa kuwa, mai kama da takarda, ba mu ba da shawarar a saya ba. Tana ɗaukar makonni kafin ta farfaɗo, ana tallafa mata da khal, kuma a wannan tsawon lokaci da ruwan ba shi da ƙarfi ne funfuna ta fi kamawa. Idan dole sai an ƙara khal, farin da aka tace za a sa, ba ɗanyen khal na tuffa ba, domin shi yana ɗauke da nasa ƙwayoyin, za su canza halin irin.

Tulun gilashin ba shi da abin zargi. Gilashi ba ya cuɗanya da tsami, ana ganin abin da ke gudana a ciki, faɗin bakinsa kuma yana ba iska damar taɓa ruwan. Wannan yana da muhimmanci saboda yadda aikin yake tafiya: yis yana farfasa sukari ya fitar da barasa da iskar gas, bakteriya kuma tana juya barasar zuwa tsamin khal, kuma ba ta iya yin haka sai da iska. Famfon ne abin dubawa. Idan ƙarfe ne marar tsatsa ko roba ta abinci, babu laifi. Idan tagulla ne, ko roba da aka shafa wa fenti mai sheƙi don ta yi kama da ƙarfe, a cire shi, tsamin zai ci shi ya zuba cikin abin sha. Haka nan kada a maye gurbin tulun da tukunyar tangaran mai ado da ba a san fentinta ba. A 1998 wata mujallar likitoci a Ostareliya ta ba da rahoton wasu ma'aurata da gubar dalma ta kama bayan sun daɗe suna shan kombucha da aka tsima a tukunyar tangaran.

Kyallen rufi kuwa a ɗaga shi a duba shi ta haske. Idan saƙarsa sako-sako ce, ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace za su ratsa su yi ƙwai a kan uwar, bayan kwanaki a ga tsutsa. Tsohon kyallen auduga mai matsattsiyar saƙa, wankakke, ko takardar tace kofi, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ga yadda zubin farko ya kamata ya kasance, ko da takardar akwatin ta taƙaita. A tafasa lita 1 na ruwa, a sauke, a zuba ganyen baƙin shayi giram 15 zuwa 20, a bar shi minti 10 zuwa 15, a tace. A narka farin sukari giram 210 zuwa 240 a ciki tun yana da zafi, wato giram 70 zuwa 80 a kowace lita. A juye a tulu a ƙara lita 2 na ruwan sanyi marar kulorin. Ruwan famfo sai an tafasa shi ya huce ko an tace shi, don kulorin yana raunana irin. Sai ma'auni ya nuna ƙasa da digiri 30 kafin a zuba ruwan iri da uwar, zafi mai yawa yana iya kashe su. A rufe da kyalle, a ajiye inda rana ba ta duka, nesa da hayaƙi da kwandon shara. Kada a rage sukarin don tsoron zaƙi, abincin yis ne, kuma sukarin masu ciwon suga na roba ba ya aiki sam. Shayi mai ƙamshin da aka sa wa mai, kamar Earl Grey, a bar shi, man yana raunana uwar a hankali.

Zafin da ya dace shi ne digiri 24 zuwa 29. Ma'aunin da ake mannawa ba ya ba da lamba daidai wa daida, amma ya isa ya nuna ko ana cikin wannan tsakanin, don haka mun yaba da shi. Ƙasa da 20 aikin yana ja da baya, funfuna ta samu dama. Sama da 32 yis yana rinjaye, ɗanɗano ya yi kaifi, ruwan ya koma khal da wuri. Wanda ke wuri mai sanyi ya sayi ɗumamar da ake naɗawa a jikin tulu, ba wadda ake ɗora tulu a kanta ba, domin ta ƙasan yis ɗin da ya kwanta a gindi take zugawa.

Takardun gwajin tsami su ma suna cikin abin da za a sauya. Waɗanda ke auna 0 zuwa 14 tazararsu ta yi faɗi, ba sa bambance 3.5 da 4.5, kuma a daidai nan ne amsar take da amfani. A nemi masu ƙaramar tazara da ke rufe wajen 2.5 zuwa 4.5. Bayan an zuba iri, pH ya kamata ya kasance 4.5 ko ƙasa, saboda bakteriyar da ke haddasa gubar botulizim, wata muguwar gubar abinci, ba ta girma ƙasa da 4.6. Kombucha da ta nuna takan tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Sai dai takarda lafiya take aunawa, harshe ne ke auna daɗi. Daga rana ta 7 a riƙa ɗiba da bututun tsotsa mai tsabta ta gefen uwar ana ɗanɗanawa. Yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 ake samun inda zaƙi da tsami suka daidaita.

Masu sabon farawa sukan zubar da zubi mai lafiya don tsoro, kuma takardun akwatin ba su cika sa hotunan da za su kwantar da hankali ba. Zare-zare masu ruwan ƙasa da ke rataye a ƙarƙashin uwar yis ne. Uwa ta nutse ƙasa ko ta karkace, ba komai. Farar yana mai kumfa da ke taruwa a sama a kwanakin farko sabuwar uwa ce. Funfuna daban take: busasshiya ce, mai gashi-gashi, tana fitowa a zagaye a saman faifan inda iska ke taɓawa, fara ko shuɗiya ko koriya ko baƙa. Idan an gan ta, ba a yanke wurin a ci gaba. Uwa da ruwa duka za a zubar, a wanke tulu da ruwan zafi da farin khal, a nemi sabon iri. Saboda irin wannan rana yana da kyau a keɓe uwa ta biyu a wata kwalba cikin ruwa mai tsami sosai da zarar an samu ƙari.

Inda akwatin ya fi rauni, kuma inda muka fi damuwa, shi ne tsimi na biyu, wanda ake sa ɗanɗano da gas. Kafin komai a ware uwa da ruwan irin zubi na gaba, daga saman tulu, don kada 'ya'yan itace su taɓa su. Sauran a motsa shi kaɗan yis ya bazu daidai, a ɗura a kwalabe da mazurari tare da abin ɗanɗano, a bar santimita 3 zuwa 4 a sama, a toshe, a ajiye kwana 2 zuwa 4. Ruwan 'ya'yan itace kashi 10 cikin 100 ya wadatar, wato mililita 50 a kwalba mai cin 500. Ɗanyar citta da aka yayyanka, cokalin shayi ɗaya, da ɗan ruwan lemun tsami da rabin cokalin shayi na sukari, haɗi ne da ba ya ba da kunya. Tuffa da kirfa suna ba da ɗanɗano mai laushi. Na'a-na'a ganye biyu ko uku ya isa, kuma idan ta daɗe a ciki tana ɗaci. Abarba da mangwaro, musamman markaɗaɗɗu, su ne masu tayar da gas da sauri, sai an fi sa musu ido.

Lissafin da ya kamata kowace takardar bayani ta ƙunsa shi ne wannan. Kusan giram 4 na sukari a lita, idan yis ya cinye shi, yana haifar da gas mai yawan lita guda da za ta matse a cikin ruwan. Ruwan tuffa yana da kusan giram 100 na sukari a lita, don haka kashi 10 cikin 100 na shi ya ƙara giram 10 a kowace lita, ban da sukarin da ya rage daga tsimin farko. Wanda ya ninka wannan sau biyu ya manta da kwalba mako guda a ɗaki mai zafi, yana wasa da fashewar gilashi. Kwalabe masu kusurwa huɗu da siraran kwalaben ado da wasu akwatuna ke haɗawa ba a yi su don matsin gas ba, ko da suna da marfi mai makullin waya. A yi amfani da zagayayyu masu kauri da aka rubuta cewa suna jure matsi. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ɗura ɗaya daga zubin a robar lemo mai gas, a riƙa matsa ta kullum. Ranar da ta yi tauri, dukan kwalaben su shiga firij. A buɗe su bayan sun yi sanyi sosai, a kan wurin wanke-wanke, bakin kwalba yana kallon nesa da fuska.

Akwai kuma batun barasa, wanda tallan akwatunan ke wucewa a kansa da sauri. Da zarar an toshe kwalba, iska ta yanke, bakteriyar da ke juya barasa zuwa tsami ta rage aiki, yis kuwa yana ci gaba. Kusan giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. A Amurka abin sha da ya kai kashi 0.5 cikin 100 ana lissafa shi cikin kayan barasa, kuma a 2010 an janye kombucha daga kantunan wasu manyan shaguna a ƙasar saboda ta wuce wannan iyaka. Ta gida tana iya wuce shi cikin sauƙi, har ta kai kashi 1 zuwa 2 ko sama, kuma babu abin da ke cikin akwatin da zai auna ta. Ma'aunin nauyin ruwa da ake amfani da shi a wasu tsime-tsime ma ba ya ba da amsa ta gaskiya a nan, tsamin yana rikita shi. Tsawaita tsimin farko, da tace yis kafin ɗurawa, da rage sukarin ɗanɗano, da sanyawa a firij da wuri, duk suna rage ta, amma ba sa kawar da ita gaba ɗaya. Duk mai guje wa barasa saboda addini ko lafiya ya san da wannan kafin ya biya kuɗinsa.

Alkawuran warkar da cututtuka da ake bugawa a jikin kwali kuwa ba su da hujja mai ƙarfi daga gwaji a kan mutane. A 1995 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mata biyu a jihar Iowa da suka yi rashin lafiya mai tsanani suna cikin shan kombucha ta gida, ɗaya ta rasu, ko da yake ba a tabbatar da cewa ita ce sanadi ba. Hukumar ta ambaci kusan mililita 120 a rana a matsayin abin da wataƙila ba zai cutar da mai lafiya ba, kuma wannan adadi ne mai kyau na farawa. Mai juna biyu, da ƙananan yara, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su guji kombucha ta gida.

Kafin a saya, a tambayi mai sayarwa mililita nawa ne ruwan irin, ko uwar ɗanya ce ko busasshiya, da kuma abin da aka yi famfon da shi. Wanda ya riga yana da tulun gilashi mai faɗin baki, uwa da ruwan iri rabin lita kawai zai saya, ya juya ragowar kuɗin zuwa kwalabe masu jure matsi da takardun gwaji masu ƙaramar tazara.