Tecsun PL-330 a jakar matafiyi: inda take aiki da inda take gazawa

Mai sauraren tashoshin nesa a Maraɗi, in tafiyar jirgin sama ta kama shi, Umara ce ko saro kaya a Dubai, abin da ya fara damunsa kilo ne. Jakar hannu yawanci kilo 7 ko 8 ake yarje mata, kuma babbar rediyo mai cin manyan pil huɗu ta riga ta cinye rabonta. Wurin nan ne Tecsun PL-330, ƙaramar rediyo ƙirar China, ta samu shiga. Nauyinta bai wuce giram 210 ba, tsawonta kusan santimita 14, tana shiga aljihun babbar riga ba tare da ta ja wuya ba.

Tana kama FM, da dogon zango, da matsakaicin zango, da gajeren zango tun daga kilohaz 1711 har 29999 ba giɓi. Tana kuma da SSB, wato salon da jiragen sama da masu rediyon sha'awa ke magana da shi, abin da ba kasafai ake samu a rediyo mai wannan girma ba.

Amma babban abin yabonta batir ne. BL-5C take amfani da shi, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, wanda duk mai teburin kayan waya a babbar kasuwa ya san shi. Bolt 3.7 ne, miliamfa 1000, ƙarfinsa ke nan bai kai wat-awa 4 ba, alhali ƙa'idar jirage sai batir ya haura wat-awa 100 ake neman izini. Sai dai a kula: batirin da ba ya cikin na'ura ba a sa shi a akwatin da za a auna a tura cikin jirgi, dole ya bi mutum a jakar hannu. A manne bakinsa da salatif, ko a sa kowane ɗaya a ƴar ledarsa, don kada makulli ko tsabar kuɗi su haɗa ƙarafunan. Biyu na ajiya sun isa tafiyar mako biyu. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, alamarsu rashin nauyi da saurin kumbura, kuma wanda ya kumbura ba ya barin murfin baya ya rufu.

Ita ma rediyon a hannu za a riƙe ta. Eriyarta siririya ce, jifa ɗaya da akwati ya isa ya lanƙwasa ta. Wajen bincike, a filin jirgin Diori Hamani na Yamai ne ko na Malam Aminu Kano, a fito da ita a aza a faranti tare da waya, a naɗe igiyar eriya daban. Dunƙulen waya a manne da na'ura mai batir ba ya yi wa mai duban allo kyan gani, kuma ana iya cewa a kunna ta, saboda haka kada a je da ita ba caji. A danna makullin maɓallai kafin a mayar da ita jaka, in ba haka ba tana iya kunna kanta ta shanye batir kafin a sauka.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko za a iya saurare a sama. Amsar kamfanonin jirage da yawa a'a ce, kuma suna da dalili. Rediyon FM irin ta da tana fitar da ɗan siginal nata na kanta, megahaz 10.7 sama da tashar da aka kama. In ka kama 100, ita tana feso 110.7, wanda ya faɗa cikin zangon 108 zuwa 118 da jirgi ke bi don gane hanya da daidaita sauka. PL-330 ba irin wannan gini gare ta ba, ƙwaƙwalwar lantarki ce ke tace mata sauti, amma ma'aikaciyar jirgi ba za ta tsaya bambance wannan ba. A tambaya tukuna, in an ce a'a a mayar jaka. Ko an yarda ma ribar kaɗan ce. Gangar jirgi kamar tukunya ce a rufe, gajeren zango ba ya ratsa ta, abin da ake ji sai ƙugin na'urorin ciki. FM kaɗai ke leƙowa ta taga, shi ma a tsayin mita 10,000 eriya na hango tashoshi har nisan kusan kilomita 400 ta kowane gefe, sai uku ko huɗu su hau lamba ɗaya, kowace ta yi minti biyu ta ɓace.

Aikinta na gaske sai an sauka masauki. Abu na farko agogo. Duk jadawalin gajeren zango da agogon GMT ake rubuta shi: Nijar tana gaba da awa 1, Saudiyya awa 3, Dubai awa 4, China awa 8. Shirin da aka saba ji ƙarfe 8:30 na dare a Maraɗi, a Makka sai 10:30. Mafi sauƙi a bar agogon rediyon a kan GMT tun daga gida, kada a taɓa shi. Wannan yana da wani amfanin kuma, domin tsarin bincikenta da ake kira ETM+ yana ajiye tashoshin gajeren zango awa-awa: abin da ta tsinto ƙarfe 6 yana shafinsa, na ƙarfe 7 yana nasa. In an riƙa juya agogo, shafukan sun cakuɗe ke nan. A sabon gari a sake binciken daga farko, na gida ba zai yi aiki ba. Mai zuwa Amurka kuma ya sauya tazarar matsakaicin zango daga kilohaz 9 zuwa 10 da maɓallin da aka rubuta haka a kansa, rediyon tana kashe.

Da rana a nemi mita 16 da 19 da 25, da dare a sauko 31 da 41 da 49, saboda hasken rana na sa wani ɓangare na sararin sama ya shanye ƙananan lambobin kilohaz, irin na mita 41 da 49. Kada a yi mamaki in sashen Hausa da ke shigowa garau a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi ya zama raɗa a Jidda. Tashoshin da ke aiko da shirye-shiryen, irin ta tsibirin Asenshan da ta Isudan a Faransa, Afirka ta Yamma suke auna eriyarsu.

Otel kuwa maƙiyin gajeren zango ne. Ƙwan fitila na zamani, cajar waya, lifta, na'urar sanyaya ɗaki, kowanne da irin ƙararsa. A fuskar rediyon akwai lambobi biyu: ta hagu ƙarfin siginal, ta dama yadda ya rinjayi ƙara. A zagaya ɗakin ana kallon ta dama, yawanci bakin taga take tashi. Igiya mai mita 5 zuwa 7 da aka sa a ramin eriya aka zuro ta taga ta wadatar. In ta wuce haka, manyan tashoshi sai su danne ta, ka ji murya ɗaya a wurare uku. Kada a saurara tana kan caji, ƙarar caja ce za ta rufe komai. Bakin cajin ma micro-USB ne a yawancin waɗanda ke hannun mutane, ga soket ɗin Saudiyya da Dubai mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya, ba mai biyu na gida ba.

Wanda ke son jin jirage ya san cewa ba ta da zangon megahaz 118 zuwa 137 na hasumiyar filin jirgi. Wannan sai irin su XHDATA D-808. Abin da take iyawa shi ne maganar jirage masu ƙetare hamada: kilohaz 8894 da 8903 a kan USB (ba bakin caji ba, ɗaya daga ɓangarorin SSB biyu ne, ɗayan kuma LSB), inda ake jin Yamai da Kano da Njamena suna amsa matuƙa, da 5505 ko 8957 inda Shanon ta ƙasar Ailan ke karanta yanayin filayen jiragen Turai. A rage faɗin tacewa zuwa kilohaz 2.2 ko 3, a murɗa a hankali har muryar ta daina kama da ta agwagwa. Wannan saurare na cikin ɗaki ne. Miƙa eriya kusa da shingen filin jirgi, a wannan zamani, neman magana ne da jandarma.

Aibobinta ba ɓoyayyu ba ne. Lasifikar ƙarama ce, ba ta cika ɗaki, sai da abin kunne ake jin daɗin tasha mai rauni. Sauti na ɗan ɗaukewa duk lokacin da aka murɗa, wanda ya saba da rediyo mai allura zai ji haushin haka. Maɓallan sun yi ƙanana ga mai manyan yatsu, ba ta kuma da ƙafar jingina a baya, sai a tokare ta da kofi. Tsarin SYNC, da ya kamata ya gyara muryar da ke tashi tana faɗuwa, sau da yawa dusashe ta yake yi. Gara a kama tashar a kan USB ko LSB. A matsakaicin zango tsaka-tsaki ce, sandar eriyar cikinta gajera ce, dole a riƙa juya rediyon kanta har tashar ta fito.

In an dawo gida lokacin hunturu, busasshiyar iska na tara lantarki a doguwar igiya, kuma tartsatsi ɗaya na iya kashe mata ji a gajeren zango. A taɓa bakin igiyar a jikin ƙarfen taga kafin a soka. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, da hadari ya haɗo a zare ta gaba ɗaya.