Labarin ɓata a daji: a zane ko a rubuce?

Labarin iri ɗaya ne: matashiya ta ɓace a daji, tana neman ruwa da mafaka, a zuci kuma tana kokawa da tambayar ko mace take jin kanta ko namiji. Ana iya ba da shi a littafin zane mai hoto bi da bi, ko a rubutu zalla.

Zane ya fi iya daji. Shafi guda babu kalma ko ɗaya, sai ƙatuwar bishiya da ɗan mutum a gindinta, ya isa ya nuna kaɗaici. Haka ranar da ta datse gashinta da wuƙa: hannu na rawa, gashi a kan ganye, ba sai an yi bayani ba. Matsalar ita ce dole mai zane ya ba ta fuska da jiki, mai karatu kuwa yakan yanke hukunci da ido tun shafin farko.

Rubutu na iya ɓoye jikin, ya shigar da kai cikin tunaninta, inda ruɗanin yake. Sai dai yunwa da sanyin dare sukan zama dogon surutu.

Ni dai zanen zan miƙa wa matashin da karatu ke gundura.