Shuɗiya da mai ruwan ƙasa: wasiƙa daga Mancesta

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Saƙonki na murya ya iso tun ranar Talata, sai da na saurare shi sau uku, don a bayan maganarki ina jiyo tarin yaron nan, busasshen tarin nan da ba ya fitar da komai sai wahala. Kin ce in samo miki inhela, maganin asma na shaƙawa, ta Turai guda biyar ko shida in ba mai tahowa gida, tunda ta Kano ta yi tsada tun da kamfanin GSK ya tattara ya bar sayar da kayansa da kansa a Najeriya a 2023. Yaya, ba zan iya ba, kuma wallahi ba rowa ba ce. A Ingila ba a shiga kemis a ce a ba ni Ventolin, wato shuɗiyar inhela, kamar yadda muke yi a Sabon Gari. Sai da takardar likita, da sunan mai ciwon a jiki. Ko da ma ana sayarwa, abin da na gani a kan ɗana Auta ya sa na gane ba ita ce ta fi yi muku amfani ba.

Kin tuna hunturunmu na farko a nan, ƙarshen 2022, lokacin da na kira ki ina kuka? Wajen ƙarfe biyun dare na farka na ji ƙirjin Auta yana fito kamar an danne ɗan kyanwa. Na ɗaga rigarsa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk in ya ja numfashi. Muka garzaya sashen gaggawa. Ni a raina jira nake a ɗaura masa ruwa, a yi masa allura, a kunna injin tururin nan mai ƙara. Sai ga nas ta zo da wani bututun roba, tsayinsa bai wuce tafin hannu ba, da ɗan takunkumi mai laushi a bakinsa. Ta girgiza shuɗiyar inhela, ta cusa a gindin bututun, ta ɗora takunkumin a kan hanci da bakin yaron, ta danna sau ɗaya, ta ƙirga numfashi biyar. Ta cire, ta sake girgizawa, ta sake dannawa. Haka har sau goma. Na kalli Baban Auta na ce masa da Hausa, "Shi ke nan aikin?" Kafin rabin sa'a yaron ya fara tambayar ina takalminsa.

Wannan bututun shi suke kira sifesa. Nas ɗin ta nuna min cewa in an fesa wa yaro inhela kai-tsaye a baki, yawancin maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, huhu ba ya samun rabonsa, domin ƙaramin yaro bai iya haɗa dannawa da jan numfashi a lokaci guda ba. Bututun yana riƙe feshin na 'yan daƙiƙu, yaron ya zuƙa a hankali. Na tuna yadda kike riƙe kan naki kina fesa masa yana ƙwacewa, rabi a iska rabi a kumatu, sannan a ce inhelar jabu ce. Wataƙila ba jabu ba ce, Yaya.

Bayan an sallame mu da maganin sha na kwana uku, aka haɗa mu da wata nas a ƙaramin asibitin unguwa wadda aikinta ke nan, masu asma. Tambayarta ta farko ita ce sau nawa a mako muke ɗaukar shuɗiyar. Na ce kusan kullum, ina ganin na yi abin yabo. Sai ta girgiza kai. A wurinsu, yaron da ke buƙatar shuɗiya sau uku a mako, ko tari yake tashinsa da dare, to ciwon nasa ba a riƙe shi ba. Shuɗiyar, wato salbutamol, motar 'yan kwana-kwana ce, sai gobara ta tashi ake kiranta. Tana buɗe hanyar iska nan take, amma ba ta taɓa kumburin da ke cikin hanyar, wanda shi ne asalin cutar. Mai maganin kumburin ita ce mai ruwan ƙasa, beclometasone, wadda ake shaƙa safe da dare ko da yaro yana tsalle lafiya lau. Ita kamar yasar kwata ce kafin damina ta faɗi. Ba a ganin aikinta a rana ɗaya, sai an yi makonni, shi ya sa mutane ke ajiye ta su ce ba ta aiki.

Ban ɓoye mata tsorona ba. Na ce a wajenmu ana cewa in yaro ya saba da inhela ba zai rabu da ita ba har abada, kuma na ji cewa mai ruwan ƙasar sitiroid ce. Ta ce e, sitiroid ce, amma ɗan mitsitsi ne ke tafiya huhu kai-tsaye. Sai na tuna ƙwayoyin prednisolone da dexa da ake ƙirgo mana a leda a kemis duk lokacin da ƙirji ya toshe, babu mai tsoronsu, alhali su ne ke zaga jiki gaba ɗaya, in aka yawaita su kumbura fuska su taɓa ƙashi da girman yaro. Haka ma sirop ɗin salbutamol da muke ɗura wa yara: a nan ba su ba da shi, don ya fi jinkirin aiki, ga sa bugun zuciya da karkarwar hannu. Abin da kawai ta ja min kunne a kai shi ne kurkure baki bayan an shaƙi mai ruwan ƙasa, da goge fuskar da takunkumi ya taɓa, kar farin ƙurji ya fito masa a baki. Auta yanzu shekararsa biyu ke nan rabonsa da sashen gaggawa. Shuɗiyar tana jakar makaranta, wani lokaci har ta kusa lalacewa ba a taɓa ta ba.

Kar ki ɗauka aljanna muke. Gaskiya ne yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a biyan ko sisi a maganinsa, babba kuwa fam 9.90 yake biya kan kowane magani a Ingila, a Sikotlan da Wales ma kyauta ne ga kowa. Amma mu baƙi mun riga mun biya tun wajen neman biza: tun Fabrairun 2024 kuɗin lafiya ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma a dunƙule ake karɓa na duk shekarun. Ki lissafa mu biyar. Sannan ganin likita sai kin kama waya ƙarfe takwas na safe daidai kina jiran layi, in kin makara da minti goma a ce gurbi ya ƙare sai gobe. Ganin ƙwararre a kan alaji, wato borin da jiki ke yi wa wani abinci ko ƙura, kuwa watanni muka yi muna jira. A Kano in kina da kuɗinki, a cikin mako guda kin zauna gaban babban likitan yara. Wannan kam kun fi mu. Kuma likitocin nan suna da maƙo da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yaro na mura da tari, su ce a ba shi ruwa da farasitamol a koma gida. Da farko haushi nake ji, yanzu na daina, don yaran suna warkewa.

Maganin mura da atishawa da borin jini shi ne ake samu a kan kanta ba tare da takarda ba. Piriton ɗin da muka sani yana nan, amma mai kemis ta ce min kar in mai da shi na kullum ga ɗan makaranta, saboda barcin da yake sawa. Ta nuna min cetirizine da loratadine, sau ɗaya a rana, ba sa kwantar da yaro. Wanda manyan kantuna ke bugawa da sunansu da mai sanannen suna duk abu ɗaya ne a ciki, sai dai kuɗin ya ninka. Ku ma a can ki duba sunan sinadarin da lambar NAFDAC, ki rabu da kyan kwali. Muna shan maganin ne daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli, lokacin da ciyawa ke sakin ƙurar furenta, idanun babbar 'yata su yi jawur. Akwai kuma wata ƙwayar taunawa, montelukast, da aka gwada wa Auta. Sati biyu yana farkawa da ihu cikin dare. Ashe sananne ne, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa mata gargaɗi mafi ƙarfi a 2020 kan munanan mafarkai da sauyin hali. Muka koma aka dakatar. Wasu yaran tana yi musu daidai, amma in an rubuta wa naki, ki sa ido a kan barcinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan gyaɗa ce. Wata rana na jefa wa babbar ƙuli-ƙuli a kwanon abincin makaranta, kafin azahar aka kira ni a waya kamar na aika da bindiga. A ajinsu akwai yaron da in gyaɗa ta shiga bakinsa maƙogwaronsa zai rufe cikin mintuna, yana yawo da allurar adirenalin guda biyu mai kama da biro, wadda ake soka wa a cinya ko ta saman wando. Tun Oktoban 2021 doka ta tilasta rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka naɗe a shago, da nuna abubuwa 14 masu tayar da alaji. Sunan wata yarinya 'yar shekara 15 aka sa wa dokar, Natasha, wadda ta rasu a 2016 bayan ta ci burodi mai riɗi a ciki ba a rubuta ba. Riɗin da muke yin kantu da shi! Abin dariyar, wani babban bincike da aka yi a Landan, aka fitar a 2015, ya nuna cewa ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage kamuwa da wannan alajin sosai. Na ce to, Inna da kunun gyaɗarta ta riga su. Amma duk da haka, in kin taɓa ganin leɓen yaro ya kumbura ko jikinsa ya yi rudu-rudu bayan cin tsire ko ƙwai ko kifi, kar ki ce borin jini ne kawai, ki faɗa wa likita.

Su ma suna da nasu hazon. Gidajen nan tsofaffi ne, laima ke kama bango, baƙar fumfuna ta fito bayan kabad da gefen taga. A Rochdale, nan kusa da mu, wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ɗan 'yan Sudan, ya rasu a 2020 saboda fumfunar gidan hayarsu. Tun da na ji labarin nake bin bango da tsumma duk Asabar. Turaren wuta kuwa na haƙura da shi. Ranar farko da na kunna, ƙararrawar hayaƙi ta tara min maƙwabta, rana ta biyu Auta ya kwana yana tari. Na san faɗa miki ki bar turare kamar cewa ki bar shan ruwa ne, amma ko ɗakin da yaronki yake kwana ki ware. Ki cire maganin sauro na kunnawa ki sa gidan sauro, a matsar da janareta daga bakin tagarsa, a yayyafa ruwa kafin shara, kuma kar a aike shi kicin in ana hura icce.

Ga abin da ke cikin ƙullin da zan ba mai tahowa ƙarshen wata. Sifesa biyu, ɗaya mai takunkumi, ɗaya ta sawa a baki tunda yaronki ya kai shekara bakwai. Sau ɗaya a wata za ki wanke da ruwan sabulu, ki bar ta ta bushe da kanta, kar ki goge cikinta da tsumma. Kafin ta iso, kina iya haɗa ta gida: likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada gorar ruwa ta roba mai rabin lita, aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen, suka ga tana aiki kamar ta kanti. Na kuma sa takardar da nas ta rubuta mana, na juya ta da Hausa: in ciwon ya tashi, a zaunar da yaron a miƙe, feshi ɗaya duk bayan rabin minti zuwa minti ɗaya har goma, in bai sassauta ba ko ya kasa magana ko leɓensa ya canza launi, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Ki kai shi wurin likitan yara tun kafin iskar hunturu ta kaɗa, ki faɗa masa sau nawa yake shaƙar shuɗiya a mako, ki tambaye shi da bakinki ko ya dace a ɗora shi a kan ta kullum. Kuɗin wata ukun farko ni zan turo.

In mai kawo saƙon zai dawo, a haɗo min da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Yajin tsire kuwa a bar shi, akwai ƙuli a ciki, ba na son a sake kirana daga makaranta. A gaishe min da Inna da kyau, a shafa min kan yaron.

Ƙanwarki.