Dubai, Masar ko Indiya: ina za ka kai aikin kamfaninka daga Jidda?

Alhaji, idan kana da ofishin Umara a Makka ko shagon jallabiya a Jidda, kuma tsadar ma'aikata ta sa kana tunanin kai wani aikin waje, kada arha kaɗai ta ja ka. Fara tambayar kanka: sau nawa wannan aiki zai bi ta teburin jami'in gwamnati?

Ƙungiyar Transparency International tana ba ƙasashe kimanin 180 maki daga 0 zuwa 100, mai maki da yawa ita ce mai ƙarancin cin hanci. A 2023 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta samu 68, Saudiyya 52, Malesiya 50, Indiya 39, Masar 35, Pakistan 29, Bangaladash 24.

Aikin da ke tafiya ta intanet, kamar lissafin kuɗi ko amsa wayar alhazai, ba ya tsayawa a kwastan. A nan Masar ta fi dacewa da mu: ga Larabci, ga kusanci, ko da makinta bai kai na Indiya ba. Indiya kuwa sai in manhaja kake so a gina maka.

Ɗinki daban ne, kuma nan ne nake jin tsoro. Kaya sai sun bi tashar jirgin ruwa, sai an buga hatimi, kuma kowane hatimi ƙofa ce ta "a ga abin shan ruwa". Arhar Bangaladash tana iya ƙarewa tun kwantena ba ta bar tashar jirgin ruwan Chittagong da ke ƙasar ba, balle ta makara har aikin Hajji ya wuce. Shawarata, saya daga masana'antar da ta saba fitar da kaya, a rubuta cewa sallamar kwastan a wuyanta take. Kada ka buɗe masana'antar kanka.

Rajistar kamfani kuwa, Dubai ce kan gaba, sai dai lasisi da haya suna da tsada. Kuma makin nan na ma'aikatan gwamnati ne kawai, ba ya auna halasta kuɗin haram: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta zauna a jerin waɗanda FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ke sa wa ido daga 2022 zuwa Fabrairun 2024. Saboda haka banki zai tambaye ka asalin kowane riyal, ka tanadi takardunka kafin ka je buɗe asusu.