Bazara ko hunturu: wane lokaci ya fi dacewa da zari-rugar 'yan dagaji a Ingila?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya a kan wasan zari-ruga na Rugby League, wato wanda kowane ɓangare ke shiga fili da mutum 13. Yana so ya san ko ƙungiyoyin 'yan dagaji, waɗanda ba a biyan 'yan wasansu albashi, ya fi musu su buga a bazara kamar ƙwararru, ko su tsaya a hunturu inda aka san su tun asali. Malam, wannan magana ta raba kawunan mutane a arewacin Ingila shekara da shekaru, don haka can zan tsayar da amsata.

Tun da ƙungiyoyi 22 suka ɓalle daga Rugby Union (ɗaya nau'in zari-rugar, mai mutum 15) a garin Huddersfield a 1895, wasan ya shafe shekara ɗari ana buga shi a lokacin sanyi, daga ƙarshen bazara zuwa watan Afrilu ko Mayu. A 1996 ne ƙwararru suka koma bazara da kafuwar gasar Super League, wadda kuɗin talabijin ya ɗauki nauyinta. 'Yan dagaji ba su bi su nan take ba. Babbar gasarsu a lokacin, National Conference League, wadda ƙungiyoyi irin su Wigan St Patricks da West Hull da Siddal da Wath Brow Hornets suka buga a cikinta, sai a 2012 ta koma bazara, yayin da wasu gasannin yanki kamar Pennine League suka ci gaba da wasa a hunturu.

Abu na farko da za a auna shi ne fili. A hunturu, filayen Yorkshire da Lancashire da Cumbria ko dai ruwa ya kwanta a kansu su zama taɓo, ko kuma sanyi ya daskarar da ƙasa ta yi tauri har alƙalin wasa ya hana a shiga. Babbar ƙungiya tana da masu kula da fili da magudanan ruwa, amma ƙungiyar unguwa filin ƙaramar hukuma take aro, kuma idan hukumar ta ce an rufe fili saboda ruwa, magana ta ƙare. Watan Disamba na 2010, wanda ya kasance mafi sanyi a Birtaniya cikin shekara ɗari, ya tsayar da wasanni mako bayan mako. Wasan da aka ɗage ba ɓacewa yake ba, taruwa yake, sai a ƙarshen kakar wasa a tarar da ƙungiya tana buga wasa biyu a mako da mutanen da suka wuni a wurin aiki. A bazara kuwa da wuya a soke wasa saboda yanayi. Sai dai ita ma da nata: a shekarar fari irin ta 2018 ƙasa takan bushe ta tsage, kuma wannan wasa ne da kusan kowane kamu yake ƙarewa da an kayar da mutum. Faɗuwa a kan taɓo da faɗuwa a kan busasshiyar ƙasa ba ɗaya ba ne ga kafaɗa da gwiwa. Zafi ma ya fara zama abin lura, tunda a watan Yulin 2022 ma'auni ya haura digiri 40 a Ingila karon farko. Duk da haka, a ganina bazara ce ke kan gaba a nan, domin ranakun tsananin zafi kaɗan ne, ana iya jinkirta wasa zuwa yamma a kuma ba da hutun shan ruwa, amma filin da ya cika da ruwa ba shi da magani sai jira.

Hasken rana ya fi komai bambanta lokutan biyu, kuma wanda bai zauna can ba yakan raina wannan. A Leeds, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a Disamba, a watan Yuni kuwa takan kai bayan tara da rabi na dare. Ɗan dagaji ma'aikaci ne, magini ko direba ko malamin makaranta, kuma bayan tashi daga aiki yake atisaye. A hunturu ba ya iya atisaye sai ƙungiyarsa na da fitilun fili ko ta biya kuɗin haya a wani wuri, ga duhu ga ruwan sama mai sanyi. A bazara fili kawai yake bukata. Wasan kansa ma yana sauyawa, domin busasshiyar ƙwallo da fili mai ƙwari suna ba da damar gudu da miƙa ƙwallo hannu zuwa hannu, yayin da taɓo ke mayar da shi karo tsakanin manyan 'yan gaba. Akwai dattawan da suka fi son wancan karon, suna cewa shi ne wasan na asali, kuma ba zan ce ba su da gaskiya a kan abin da ransu ke so ba.

Idan aka zo kan yara, ban ga abin jayayya ba. Yaro ɗan shekara takwas da aka tsayar a gefen fili da safiyar Janairu, hannunsa ya ƙage har ba ya iya riƙe ƙwallo, ba koyon wasa yake ba, jimiri kawai ake koya masa, kuma uwar da ta gan shi yana rawar ɗari ba lallai ta sake kawo shi ba. Ƙari a kan haka, a hunturu ƙwallon ƙafa ce ke cinye yaran, ga kuma Rugby Union a makarantu. Matsalar bazara ga yara ita ce dogon hutun makaranta na kusan mako shida daga ƙarshen Yuli, kuma wannan ana magance shi da dakatar da gasar a wannan tsakani.

Inda hunturu ke da hujja mai ƙarfi shi ne wajen manya, musamman a ƙananan gasanni. Bazarar Ingila gajera ce, kuma a cikinta ake tafiye-tafiyen hutu da ɗaurin aure da bukukuwan iyali, mafi yawa a ranar Asabar, wadda ita ce ranar wasa. Ƙungiyar da ke da 'yan wasa 20 kacal, idan shida suka tafi hutu, ba za ta iya fita ba, kuma wasan da aka soke don rashin mutane ya fi wanda ruwa ya soke ciwo, domin yana iya jawo tara ko rage maki. Sannan filaye da yawa ana raba su ne da wasan kurket, wanda nasa lokacin ke nan. Akwai kuma batun kuɗi: ƙungiyar unguwa tana rayuwa ne da abin da 'yan kallo suka kashe a ɗakin taronta bayan wasa, to idan kakarta ta zo daidai da ta ƙungiyoyin ƙwararru irin su Wigan Warriors ko Leeds Rhinos, mai kuɗin fita ɗaya a mako zai zaɓa. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, babu wasan Super League da ke gogayya da su. Haka nan zagayen farko na gasar Challenge Cup, inda 'yan dagaji ke samun damar karawa da manya, yana zuwa ne a farkon shekara, lokacin da masu wasan bazara ba su fara kakarsu ba.

Ga ɗan wasa Musulmi, irin waɗanda ake samu a Bradford da Batley da Dewsbury, akwai wani abin lura: a shekarun da azumi ya faɗo a Yuni, kamar 2015, yakan kai awa 18 ko fiye a can, kuma minti 80 na karo a wannan hali ba ƙaramin abu ba ne. Amma tunda watan yana zagayawa, ba za a gina tsarin gasa a kansa ba.

A kudancin Ingila da Wales lissafin daban ne. Gasar da aka fara a 1997 da sunan Southern Conference, wadda ta zama Rugby League Conference, ta samu gindin zama ne domin a bazara filayen Rugby Union da 'yan wasanta ba su da aiki. Da an ce su buga a hunturu, da ba fili ba mutane.

To, Malam, ga inda na tsaya. Yara da matasa da babbar gasar 'yan dagaji su buga daga Maris zuwa Oktoba, domin su ne hanyar zuwa ƙwararru, kuma bai dace yaro ya tashi a wata kaka a ɗauke shi zuwa wata ba. Ƙananan gasannin manya kuwa a bar wa ƙungiyoyin kowane yanki su zaɓa da ƙuri'arsu, hukumar Rugby Football League mai kula da wasan ba ta tilasta musu ba, amma da sharaɗin yanki guda ya tsaya a kan lokaci guda. Idan rabin ƙungiyoyin gari suka tafi bazara rabi suka tsaya hunturu, 'yan wasa ɗaya ne za su riƙa buga duka biyun ba hutu, alƙalai da masu aikin sa-kai ma haka, kuma kowace gasa sai ta rasa isassun abokan karawa a kusa da gida.