Mai talla mai kyau da mai rago mai kyau, ba lallai mutum ɗaya ba ne

Ɗan uwa ka tambaya wai ko kyan rubutun talla yana nuna mai kiwo na gaskiya ne, tunda ka ga tallar raguna biyu, ɗaya tsaf-tsaf ɗaya kuma duk kuskure. To bari mu ajiye su gefe da gefe.

Na farko hoto ras, an tsara shi a manhajar haɗa hotuna ta Canva, Turanci ba kuskure, "lafiyayyun raguna, farashi mai sauƙi, a turo kafin alƙalami". Wannan abin da ya nuna maka kawai shi ne akwai wanda ya iya waya, ƙila ma yaro aka ba ɗan kuɗi ya haɗa. Hoton kuma ana iya ɗauko shi daga shafin wani a Facebook.

Na biyu ya rubuta "ragu" maimakon rago, ba aya ba waƙafi, galibi ma dattijo ne ɗansa ke buga masa, amma ka duba me ya faɗa: Balami ne, ya yi famfara haƙori biyu, an yi masa allurar rigakafin PPR (wata annobar tumaki da awaki), dusa da harawa yake ci a turke, ga unguwarsu kazo ka gani. Kaga duk wannan abu ne da za ka iya tabbatarwa, ka buɗe bakin ragon da hannunka, haƙora biyu manya na nuna ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Ni wallahi kuskuren da ke tsorata ni ba na harafi ba ne, na sunan iri ne. Mutum ya saka hoton rago rabin gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, ya ce Balami ne, alhali kowa ya san wannan Uda ne, Balami fari ne fat mai lanƙwasasshen hanci, irin na wajen Borno. Ko ya kira Ƴankasa mai baƙi a ido da baki "ɗan Sudan" don ya ƙara kuɗi. Ko dai bai san sana'ar ba ko yana so ya cuce ka.

Ba wai duk mai tsara talla ɗan damfara ba ne fa, akwai gonaki masu rajista da suke haɗa duka biyun. Amma dillalan Maigatari da Wudil da Potiskum da yawansu ko sunansu ba sa rubutawa a boko, kuma tirela suke lodawa zuwa Legas.

Duk su biyun ka ce su kira ka ta bidiyo suna tsaye kusa da ragon, kuma kar ka tura ko sisi sai ka aiki wanda zai taɓa shi.