Na rubuta labarin kasada da takardun gwajin D&D kafin littattafai su fito

Ni ne mai jan ragamar wasa a teburinmu, wato ni ke ƙirƙiro duniya da dodanninta, sauran mutum huɗu kuma su shiga rigar jarumai. A watan Agustan 2022 kamfanin Wizards of the Coast ya sanar zai sabunta dokokin Dungeons & Dragons, wato wasan ba da labari da jifan ɗan lido da muke yi, ya fara sakin takardun gwaji kyauta a ƙarƙashin sunan Unearthed Arcana. Ban iya jira ba. Na sauke su, na fara gina labari a kansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun nuna mini inda iska ke kaɗawa. Takardar farko ta mayar da ƙarin ƙarfin jarumi zuwa ga tasowarsa da sana'arsa, ba jinsinsa ba, ta kuma ba shi ƙwarewa ta musamman guda tun daga matakin farko. Wannan ya canza yadda nake rubutu. Na daina tambayar 'yan wasa "wane jinsi ne kai?", na koma tambayar "me kake yi kafin ka ɗauki takobi?" Daga amsoshinsu na samo rabin mutanen garin da labarin ya gudana a ciki. Tsarin ya tsira har cikin Player's Handbook, littafin dokokin 'yan wasa, da ya fito a watan Satumbar 2024, don haka ban goge ko layi ɗaya ba.

Amma ba komai ne ya tsira ba, kuma takardun ba su ɓoye cewa gwaji ba ne. Akwai wani sabon jinsi mai suna ardling, masu kan dabba da asalinsu ke da alaƙa da halittun sama. Na ƙaunace su har na sa shugabar 'yan tawayen labarina ta zama ɗaya daga cikinsu, na ɗaure sirrin babi biyu a kan fikafikanta. Daga baya aka ajiye jinsin. Na yi gaggawa, na kafa gini a kan abin da aka ce mini ana gwadawa ne. Haka ma dokar da ta hana dodanni yin mugun sara idan ɗan lido mai fuska 20 ya faɗi a kan 20: na auna faɗace-faɗace uku da ita, sai aka janye ta.

Faɗa shi ne wurin da ya fi wuya. Jarumai sun samu sababbin dabarun makami, irin wadda ke tura abokin gaba baya ƙafa 10 da wadda ke kayar da shi ƙasa, alhali dodannin da ke hannuna na 2014 ne, domin sabon Monster Manual, littafin dodanni, sai a Fabrairun 2025 ya iso. Na shirya gumurzu a kan wata siririyar gada, ina ganin zai cinye mana dare guda. Cikin zagaye biyu aka tunkuɗe masu gadi cikin kogi. 'Yan wasa sun ji daɗi ƙwarai, ni kuma a nan na fara kallon kowace taswira da sabon ido: ina rami, ina bango, wa zai iya tura wa. Kwanton ɓauna ma ya sauya, don a sabon littafi wanda aka yi wa ba-zata ba ya rasa zagayensa, sai dai ya fi yiwuwa ya makara a jerin masu motsi.

Bayan nan na raba aikina gida biyu. Gari, mutane, abin da mugu ke so da dalilinsa, waɗannan na rubuta su da biro. Ƙarfin dodo, yawan masu gadi da wuyar kowace jifa kuwa suna wata takarda daban, da fensir. Da sababbin littattafan dokoki uku suka cika, yamma biyu kawai na yi ina gyaran lissafi.

Ga mai wasa da abokansa, ina ba da shawarar irin waɗannan takardu ba tare da shakka ba. Mai son buga labarinsa ya sayar kuwa, lamarinsa daban ne, domin takardun gwaji ba lasisi ba ne. Izinin amfani da sababbin dokokin bai samu ba sai da aka saki SRD 5.2, takardar dokokin da kamfanin ya yarda kowa ya yi amfani da su, a watan Afrilun 2025. Shugabar 'yan tawayen nan tana nan a labarin har yau, na mayar da ita aasimar, wani jinsin mai alaƙa da halittun sama, sirrin fikafikanta kuma bai taɓu ba.